Wanda Ya Rufe Ƙyauren Idon Ruwa

Ungulu ne suka fara sanar da garin. Ranar Lahadi da hantsi mutanen Bascom suna fitowa daga coci suka hango su can gabas, sun yi baƙi ƙirin a sama, suna ta kewaya wuri ɗaya. Kafin rana ta take labari ya iso kantin Connie Brubaker: shanun Delbert Yoakum guda tara sun mutu da ƙishirwa a jikin shinge, ga kwamin ruwa suna hangowa. Wani ya rufe musu ƙyaure.

Duk watan Agusta Delbert yakan saki shanunsa a tudun gabas, inda akwai ciyawa amma babu ko ɗigon ruwa, ya bar ƙyauren wayar da ke ƙasa a buɗe don su riƙa sauka idon ruwa safe da yamma. Shekara arba'in haka yake yi. Ranar Alhamis da asuba ya tafi kasuwar shanu, 'ya'yansa biyu kuma suna can suna yankan ingirici. Kwana uku ba wanda ya leƙa.

Abin ya zo garin a rabe yake. Bascom a takarda ba gari ba ne. Ba mu da magajin gari, ba mu da ɗan sanda. Da can gida talatin ne, kowa ya san karen kowa. Sai aka yanka wata tsohuwar gona aka sayar fuloti-fuloti, mutanen birni suka yi ta tahowa da gidajensu masu taya, har muka kusa kai dubu biyu. Ɗan sanda mafi kusa yana birnin gunduma, mil tamanin. Connie da mutanenta suka tara sa hannu a ɗora wa kowane gida da fili ɗan haraji, a ɗauko 'yan sanda biyu su zauna a cikinmu. Delbert, wanda filinsa ya fi na kowa kuma shi zai fi kowa biya, ya ce sam. Ya kafa 'yan sintirin sa kai, mutum huɗu, ya saya musu huluna iri ɗaya, ya ce mu tsare kanmu da kanmu. Saura mako biyu a jefa ƙuri'a.

Kuma ɗaya daga cikin 'yan sintirin ne, Gordon Pruitt, ya ce ranar Alhamis da yamma ya ga akori-kurar Ruben Alcaraz a hanyar idon ruwa.

Sunan Ruben ya zauna wa mutane daidai. Ya yi wa Delbert kiwo shekara shida, suka rabu baram-baram. Ya taɓa zaman gidan yari saboda wani faɗa, an sake shi ne da sharaɗi: ƙara ɗaya tak, ya koma ya ƙarasa shekara huɗu. Yana da mata da 'yar shekara biyar.

*

Da la'asar Delbert ya tsaya a ƙofar Lola Etchart yana murza hularsa.

"Lola, kina ciki?"

"Ina za ni? Shigo, amma ka bar takalman nan a waje. Daga nan nake jin warinsu."

Lola, Allah ya ji ƙanta, shekararta sittin da takwas a lokacin. 'Yar makiyayin tumaki ce, tun tana shekara bakwai take bin sawun ɓatattun 'yan raguna. Ta nemo mafarauta, ta nemo yara, ta taɓa nemo wani tsoho da ya manta hanyar gidansa. Ba ta son mutane sosai, amma tana son sanin dalilin da ya sa suka taka nan ba su taka can ba.

"Ɗan sanda zai zo Laraba," in ji Delbert. "Laraba, kin ji? Shanu tara. So nake ki karanta mini ƙasar, in sami abin da zan damƙa masa."

"In ta faɗi abin da ba ka so fa?"

"Na san abin da za ta faɗa."

"To me ya kawo ka?"

Ta zuba masa kofi, ta ce kada kowa ya sake taka wurin, har shi.

*

Litinin da sassafe ta isa. Hanyar gari tana bi ta gefen idon ruwa, sannan ta kai ga ƙyauren, bayansa kuma tudu. Mushen suna ta ɓangaren tudun, a jere a jikin waya, wasu kansu a cuse tsakanin sili. Ta ɗaure hancinta da ɗankwali.

Bakin ƙyauren bai da abin karantawa. Da Delbert ya buɗe shi ranar Lahadi, shanu hamsin da suka rage suka kwararo da gudu, suka niƙe ƙasar ta zama gari. Ta dai tsuguna ta duba ƙyauren kansa. Irin namu ne: sili huɗu na waya mai ƙaya a ɗaure jikin wata sanda, ka cusa gindin sandar a zoben ƙasa, ka rungumi turke, ka danna da kafaɗa, ka zura zoben sama. Na Delbert kuwa ya yi suna wajen tauri.

A wajen kwamin ta sami abin da Delbert yake so. Bayan tankin da ke zuba ruwa a kwamin, inda shanu ba su cika bi ba, ga sawun taya. Uku iri ɗaya, ta huɗu ta baya ta hagu ta sha bamban, ta cinye. Duk garin an san wannan tayar.

Ta daɗe tana kallon sawun. Abin da ya dame ta shi ne motar da baya ta shigo, har ta kusa taɓa tanki. Mai zuwa rufe ƙyaure me zai sa ya yi wa tanki baya?

*

Ta sami Ruben a ƙarƙashin motar tasa, ƙafafunsa kawai a waje. Matarsa ta leƙo ta taga ta koma.

"Fito, ba da takalmanka zan yi magana ba."

Ya fito yana goge hannu, ya kira ta da lakabin girmamawa na yarensu. "Doña Lola. Shi ya aiko ki?"

"Shi. Ka je idon ruwa ranar Alhamis?"

"Rabona da wurin shekara guda."

"To tayarka ta je ba da saninka ba. Ka yi mata faɗa."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa idonta ya riga ya kai gefen gidan, inda ganguna shuɗaye huɗu suke jere a inuwa, ga tiyo a naɗe a kansu. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa. Cike take.

"Rijiyarku fa?"

"Ta ƙafe tun watan jiya." Ya rage murya. "Mai tankar ruwa sai ka jira shi kwana goma. Yarinyar nan sai da ta yi kwana huɗu ba wanka. Na san Mista Yoakum ya tafi kasuwa, na je da safe na cika, na dawo. Ko awa ɗaya ban yi ba."

"Da safe? An ce da yamma aka gan ka."

"Da yamma ina nan ina gyara wa maƙwabcina famfo. Amma wa zai yarda? In na ce na je, na saci ruwa. In na ce ban je ba, ga taya."

"Ƙyauren fa?"

Sai a nan ya ɗago ya dube ta, kamar ta zage shi. "A buɗe na gan shi, a buɗe na bar shi. Doña Lola, ni na karɓi haihuwar rabin shanun nan. Akwai wata ja mai ƙaho ɗaya, da kwalba na shayar da ita. Tana cikin tarar?"

"Tana ciki."

Ya koma ƙarƙashin motar.

*

Connie Brubaker tana jera gwangwanin wake lokacin da Lola ta shiga. A jikin tagar kantin ga takardarta ta neman a ce "e" ga haraji, wani ya zana wa hoton ɗan sandan gashin baki.

"Na ji an ce ni ma ina cikin jerin waɗanda ake zargi," in ji Connie tun kafin a gaisa.

"An ce a taron da ya wuce kin ce sai an yi wa Delbert ɓarna zai san amfanin ɗan sanda."

"Na faɗa, kuma in an sake taro in maimaita. An fasa gidan tsohuwa Mabel da rana tsaka, ta kira, sai bayan awa biyar aka zo. Awa biyar, Lola! Da yanka ta za a yi, da an yanka an wanke wuƙa."

"Ina kike ranar Alhamis?"

"A nan, ina sayar wa 'yan sintirinsa lemo bashi." Ta dire gwangwani. "Ki dube ni da kyau. Ubana da shanu ya rene ni. In Delbert nake son ƙuntata wa, iskar tayarsa zan sace. Ba zan kashe saniya da ƙishirwa ba ko da za a ba ni 'yan sanda goma."

Lola ta sayi gishiri ta fito. A mota ta zauna ba ta tayar ba. Ruben ya ce ba zai iya ba, Connie ta ce ba za ta iya ba, kuma ta yarda da su duka, don ita ma ba za ta iya ba. Ta bi tsofaffin gidajen garin ɗaya bayan ɗaya a ranta, har maƙiyan Delbert na gaske, waɗanda suka yi shari'a da shi kan iyaka. Za su iya yanke masa waya. Za su iya kore masa maraƙi su buga masa nasu tambarin. Amma a ce wani cikinsu ya ja ƙyaure tsakanin saniya da ruwa a watan Agusta, ya koma gida ya ci abinci, ta kasa ganin fuskarsa.

Sai ta fara tunanin ko wanda ya rufe ɗin bai san me yake rufewa ba.

*

Talata da safe ta koma. Wannan wurin ta sha ba ni labarinsa a kicin, shi ya sa na riƙe shi daki-daki.

Ta fara da bayan tanki. Inda Ruben ya cika ganguna ruwa ya zube ya yi taɓo, rana ta busar da shi ya zama kamar bulo. A cikin busasshen taɓon ga sawun tayarsa, a kan tayar kuma ga kofato biyu, sun nutse zurfi, gefensu sumul. Saniya ta taka wurin tun yana jiƙe. A zafin nan taɓo ba ya wuce awa uku. Ke nan bayan tafiyar Ruben shanu sun sauko sun sha. Ta ji daɗi, amma ta san abin da Delbert zai ce: ya tafi ya dawo da ƙafa.

Sai ta bar hanya ta bi jikin shingen, ta ɓangaren ruwa, tana tafiya a hankali rana na bayanta. Kudu ba komai sai sawun dila. Ta dawo ta yi arewa. Taku talatin daga ƙyauren akwai wani ɗan kwari da ruwan sama ya haƙa a ƙarƙashin wayar, cike da yashi mai laushi. Gudun shanun bai biyo ta nan ba.

A cikin yashin ga tafin hannu biyu, yatsu a baje. Bayansu ga gurbin gwiwa biyu. Tsakani kuma wani shafaffen wuri, inda ciki ya ja ƙasa. Yatsun suna kallon ɓangaren ruwa. Mutum ne ya rarrafo daga tudu, ta ƙarƙashin silin ƙasa. A jikin wata ƙaya ga zare fari, ga wani baƙin ɗigo ya bushe. Daga nan sawun takalmi mai laushi, irin na masu yawon motsa jiki, ya nufi hanya har ya ɓace a cikin na shanu.

Ta tsuguna tana tambayar kanta. Ga ƙyaure taku talatin, me zai sa babban mutum ya kwanta a ƙasa ya bi ta ƙarƙashin waya? Ta kalli ƙyauren, ta kalli hanya inda mota za ta tsaya, ta sake kallon gurbin gwiwar.

Ta ce dariya ce ta kuɓuce mata, ita kaɗai a dajin. Sai iska ta juyo da warin mushen, dariyar ta tsaya.

*

'Yan sintiri huɗu ne. Biyu 'ya'yan Delbert ne, a kan doki aka yaye su. Sauran biyun baƙi ne.

Earl Tibbs ta fara samu, yana gasa nama a gaban gidansa. Tsohon direban babbar mota ne, ƙato, kujera biyu yake biya a jirgi.

"Ranar da Delbert ya ba ku hulunan nan, me ya ce ku riƙa dubawa?"

"Motar da ba mu sani ba. Wayar da aka yanke. Ya ce ɓarayin shanu ba sa tsayawa rufe ƙyaure, in sun kwasa sai su bar shi a yashe." Ya miƙo mata nama a cokali. "Ci mana, kin rame."

"Wa ke da hanyar gabas ranar Alhamis?"

"Gordon. Ni gwiwata ba ta son gargada."

Gidan Gordon Pruitt tsaf yake, ya kewaye furanninsa da fararen duwatsu. Shekara talatin ya yi yana aikin gidan waya a birni, bai fi shekara ɗaya da zuwa ba. Mutum ne mai son a ce ya taimaka. Shi ke kwashe shara a bakin titi ba wanda ya sa shi. Ya kawo mata ruwan lemun tsami da ƙanƙara, ya zauna a bakin kujera, can gaba, bayansa a miƙe.

"Ƙarfe nawa ka ga motar Ruben?"

"Wajen biyar. Ko shida. Da yamma dai."

"Kai kana ina?"

"A... a kan babban titi. Ban shiga ciki ba."

"Ka kyauta. Hanyar ba ta da kyau." Ta kurɓi lemon. Ɗakin yana warin man shafawa na ciwo. "Mista Pruitt, kujerar nan taka tana da ƙusa ne?"

"A'a. Haka nake zama. Saboda baya."

Ta yi godiya ta fito. A bakin ƙofa ta tsaya gyara igiyar takalminta, kusa da nasa mai laushi, irin na masu yawon motsa jiki, da ya ajiye a kan tabarma.

*

Da yammacin ranar aka yi taron haraji a zauren 'yan kwana-kwana. Ba a taɓa cika haka ba. Tsofaffin gari a dama, baƙi a hagu, ba wanda ya tsara, haka kawai ake zama. Ruben yana can baya kusa da ƙofa, don Lola ta ce lallai ya zo. 'Ya'yan Delbert suka tsaya ɗaya a kowane gefensa.

Connie ta yi maganarta, aka yi tafi a hagu. Delbert ya miƙe ya ce shi ba ya bukatar biyan wani yaro mai kaki ya gaya masa wanda ya kashe masa shanu, sintirinsa ya riga ya gano. Sai ya juya ya ce, "Lola, faɗa musu."

Ba ta je gaba ba, daga inda take ta tashi.

"Tambaya gare ni tukuna. Wa ya taɓa sauka daga mota, ya yi ta kokawa da ƙyauren waya har ya rufe, sai ya ɗago ya ga shi yana wannan gefe, motarsa tana wancan?"

Sai wata mata a hagu ta tuntsire da dariya ta ɗaga hannu. Mijinta ya bi. Kafin ka ce me hannu ya kai ashirin, a ɓangaren dama kuma ana ta ƙyaƙyatawa, wani tsoho har da buga gwiwa.

"Ni ma na yi," in ji Connie, "ina shekara shida. Ubana ya ja motar ya bar ni na taka har gida."

"To wanda ya rufe ƙyauren Delbert abin da ya same shi ke nan," in ji Lola. "Ya ajiye mota ta ɓangaren ruwa, ya shiga ya jawo ƙyauren daga ɓangaren tudu. Da ƙyar ya zura zoben. Da ya ga inda yake, ƙarfin sake buɗewa ya ƙare masa. Sai ya bi shinge ya sami kwari, ya rarrafa ta ƙasa, waya ta yage masa baya."

Dariyar ta mutu. Lola ta ci gaba.

"Ruben ya buɗe ƙyauren nan ya rufe ya fi sau dubu. Da kafaɗa ɗaya yake yi, da sigari a baki. Ku gaya mini ranar da zai rufe kansa a waje."

"Kada a kalle ni," in ji Earl. "Ni in na shiga ƙarƙashin waya sai an kira mota ta jawo ni."

Ba wanda ya yi dariya. Lola ta juya wajen bango, inda Gordon yake tsaye da hularsa ta sintiri, bai jingina ba.

"Mista Pruitt, ga kujera. Zo ka zauna, ka jingina bayanka sosai."

Bai motsa ba. Da maganar ta fito, can ƙasa ta fito.

"A yashe na gan shi a ƙasa. Na ɗauka ɓarayi ne suka bar shi. Na ce kafin Mista Yoakum ya dawo shanunsa sun watse. Na fi rabin awa ina fama da shi." Ya cire hular. "Har na yi niyyar in gaya masa in ya dawo, ya san ana aiki. Da na ji abin da ya faru ranar Lahadi... motar Ruben da safe na gan ta, daga tagar gidana. Ni na mayar da ita yamma."

Delbert ya yo kansa, sai da Earl ya tare hanya da cikinsa.

"Ƙyaure yadda ka same shi haka za ka bar shi!" Muryarsa har tana fashewa. "A buɗe, a buɗe! A rufe, a rufe! Wane irin jaki ne bai san wannan ba?"

"Ka gaya masa?" in ji Lola.

"Me zan gaya masa? Kowa ya sani!"

"Kowa cikin mutanen da. Ka ba shi hula, ka ba shi hanya, ka ce ɓarayi suna barin ƙyaure a buɗe. Wannan ɗin ne kawai ba ka faɗa ba."

Delbert ya dubi hagu, layi-layi na fuskokin da bai san sunan rabinsu ba. Ya zauna.

Da a nan aka tashi, da shi ke nan. Amma babban ɗansa ya ce daga baya, "To shi wannan me ya kai shi filinmu da safe?"

Lola ta yi kamar ba ta ji ba. Ruben ne ya amsa da kansa.

"Ruwa na ɗiba. Ganga huɗu. Ban tambaya ba."

Kowa a zauren ya san sharaɗin da ke kansa, kuma kowa ya san gobe Laraba.

*

An amince da harajin bayan mako biyu, da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya. Gordon ya sayar da gidansa kafin sanyi ya shigo. Lola ba ta ga 'yan sandan ba, an binne ta ana cikin yi wa ofishinsu rufi. Amma ranar Larabar nan tana tsaye a bakin ƙyauren, da ita da Delbert da Ruben, lokacin da motar gunduma ta iso cikin ƙura.

Ɗan sandan matashi ne, ya gaji tun kafin ya sauko. Ta kai shi kwarin ta nuna masa hannu da gwiwa, ya ɗauki hoto. Ya rubuta sunan Gordon. Sannan ya buɗe wata takarda ya dubi Ruben.

"Kai ne Alcaraz? An ce akwai maganar shiga fili da ɗibar ruwa. Mista Yoakum, in ƙara za ka shigar, yanzu zan tafi da shi, don ba na jin zan sake biyowa nan kafin wata."

Ruben ya riga ya ba matarsa makullin mota tun da safe. Ya tsaya hannuwansa a gaba, a haɗe.

Delbert bai dube shi ba. Mushen yake kallo, ta wajen jar nan mai ƙaho ɗaya. Sannan ya juyo wajen ɗan sandan.

"Wa ya ce maka bai tambaya ba?"

"Shi da bakinsa, aka ce, a gaban taro."

"Mantuwa gare shi, shi ya sa na kore shi. Ni na ce ya riƙa ɗiba."

Ɗan sandan ya dubi Lola. Ita kuwa ta sami wani abu a ƙasa tana ta kallo. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya shiga mota ya juya.

Sai da ƙurar ta kwanta Ruben ya buɗe baki. "Mista Yoakum..."

"Kada ka gode mini, ban son ji." Delbert ya jawo shebur biyu daga bayan motarsa ya jefa masa ɗaya. "Tara ne, kuma ƙasar nan dutse ce. Ka fara da taka, jar nan."